Ranar da Jauro Ya Zo Aron Kula

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya a bakin ofis, wai aikin malamin dabbobi allura ce kawai, ka soka, ka zare, ka hau babur. Ba zan faɗi suna ba, mai maganar ya san kansa, ga shi can yana sosa ƙeya. Ku jawo bencin nan ku zauna. Kafin in miƙa muku makullin firji in tafi gida in huta, sai kun ji labarin kular nan da kuke yi wa dariya.

Shuɗiya ce da, rana ce ta cinye launin. Madaurinta na asali ya daɗe da tsinkewa, wannan na yanzu wani baduku ne a Ikara ya ɗinka min da fatar akuya. A cikinta ake jera robobin ƙanƙara, a sa kwalaben rigakafi a tsakiya, a rufe. Idan maganin ya sha zafi kafin ka isa ruga, to ruwa kawai za ka ɗura wa shanun mutane, su kuma suna ta yi maka godiya. Sauran kayan aikin kun gan su: sirinjin ƙarfe, tukunyar tafasa allurai, takalmin roba, safar hannu, igiya, da ƙaramin akwatin da ake ɗauko abin da za a kai gwaji. Duk cikinsu babu wanda na fi kishi kamar kular.

Wanda ya koya min aiki Baba Yohanna ne, mutumin kudancin Kaduna, gajere, mai faɗa, ga Fillanci a bakinsa ya fi na wasu Fulanin gari. Damina guda na yi ina saɓe da kular nan a bayansa kafin ya bari na taɓa sirinji. Dokarsa ɗaya ce, kuma kullum sai ya maimaita: abin da ya fito daga firjin gwamnati shi kaɗai ke shiga ciki. Ba nama, ba nono, ba ruwan sha. Wata rana a hanyar Kudan ƙishi ya kusa kashe mu, na roƙe shi in sa gorar ruwanmu a ciki ta ɗan yi sanyi. Kallon da ya yi min har yau ina tuna shi, kuma haka muka sha ruwan nan da zafinsa.

Shi ya koya min kallon garke. Ba ka faɗa wa shanu kai tsaye. Ka yi sallama, ka zauna, a gaisa har gaisuwa ta ƙare, a kawo fura ka sha, idonka kuwa yana can. Wace ce ta rage a baya? Wace ce ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba tana numfashi da ƙyar? Dole ka gani da kanka, don makiyayi ba zai taɓa ce maka saniyarsa ba ta da lafiya ba. Abin kunya ne a wurinsa, kuma yana tsoron magana ta kai kasuwa. Iyakar abin da zai ce shi ne ciyawar bana ba ta da daɗi. Duk ranar da kuka ji haka, ku sa takalmin roba.

Shekarar da ba na mantawa da ita, ina bin Baba Yohanna ne har lokacin. Akwai wata tsohuwar al'ada ta makiyaya: idan ciwon huhu ya kashe saniya, sai a ɗebi ɗan yanki daga huhunta, a tsaga fatar hancin masu lafiya a sa musu, wai jikinsu ya saba da cutar. Baba yakan ce tsofaffin da suka ƙirƙiro wannan ba wawaye ba ne, da shi suka tsirar da dukiyarsu tun babu allura a ƙasar nan. Amma wasu shanun kan kumbura su mutu, kuma babbar matsalar ita ce, wa ya tabbatar maka huhu ne ya kashe ta? A wata ruga a bayan Kurmin Kogi saniya ta faɗi, aka ce huhu ne, aka feɗe ta, aka bi garke ana tsagawa. Ashe ciwon saifa ne. Shanu suka dinga zubewa. Mutumin da ya yi fiɗar hannunsa ya kumbura, baƙin gyambo ya fito, sai da aka kai shi asibiti a Zariya, da ƙyar ya sha. Ni da Baba da mutanen rugar muka yi ta haƙa ramuka muna zuba farar ƙasa har tafin hannuna ya ɗaye. Na ga dattijo mai furfura zaune a gaban turken da babu saniya.

To, a bar wannan, mu zo kan zamaninku. Kun san abin nan na cikin waya da ake yi wa tambaya yana amsawa, wanda 'yan rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira. Mu a nan malamin waya muke ce masa. Ni ban ƙi shi ba, kada ku ce tsoho yana hassada. Na ga ya taimaki masu kaji da masu tumatir, ni kaina na sha tambayarsa sunan magani. Makiyaya kuwa sun so shi fiye da kowa, don ba sai ka iya karatu ba, magana za ka yi ya mayar maka da magana. Sannan ba ya kai gulma kasuwa, ba ya zuwa da motar gwamnati, kuma ba a jin kunyarsa. Abin da mutum ba zai faɗa min ba, ko da mun shekara muna cin abinci a kwano ɗaya, sai ya koma bayan bukka ya faɗa wa waya.

Wata safiya da hantsi, ƙarshen damina, ina wanke allurai a nan inda kuke zaune, sai ga Jauro Bello. Shi ne shugaban wata ruga da ke tsakanin Ikara da Makarfi, kuma abokina ne tun muna da baƙin gashi. Kakana Babarbare ne, saboda haka tsakanina da shi sai tsokana. Bai taɓa kirana da sunana ba.

"Bawana, an kwana lafiya?"

"Lafiya lau, Jauro. Yau kuma me ya koro Bafillace daga daji ba ranar kasuwa ba?"

Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi shanu, ya ce lafiyarsu lau, sai dai ciyawar bana. Na ajiye allurar da ke hannuna. Ya ɗan yi wasa da sandarsa, sannan ya ce kulata yake son aro zuwa jibi.

Ku 'yan nan ne, kun san yadda muke. A ƙasar nan ba a hana aro. Garma, tsani, tukunyar biki, har babur, maƙwabci ya zo ka ba shi, kuma tambayar me zai yi da shi ma rashin ta ido ne. Amma na tambaya.

"Wani ɗan abu ne da ba ya son zafi," in ji shi.

"Nono ne?"

"Ba nono ba ne."

Da ya ga na tsare shi da ido, sai ya zaro waya daga aljihu ya kunna min hirar da suka yi da malamin waya, yana ganin ita za ta gamsar da ni. Na ji muryarsa yana sallama, yana gaida wayar kamar surukinsa. Bai ce saniyarsa ta mutu ba. Cewa ya yi wani abokinsa ne yake son sanin yadda kakanni suke yi idan huhu ya shigo garke, kuma yaya za a yi idan dangi suna nesa. Wayar ta amsa da Hausa mai daɗi, ta yabi hikimar mutanen da, ta warware masa bayani dalla-dalla, har ta ƙara da shawarar cewa a riƙe abin da sanyi idan za a yi tafiya da shi. Can a ƙarshe ta ce yana da kyau a tuntuɓi malamin dabbobi, kamar gaisuwar da ake jefa wa mutum bayan an wuce shi.

Tsoro ya kama ni ƙarara. Da na matsa masa da tambaya, ashe saniyarsa ce ta mutu jiya bayan tari, ya feɗe ta, ya ajiye huhun. Nufinsa ya tsaga wa nasa garken, ya kai wa ƙaninsa a Furana, ya kai wa surukinsa a wajen Gazara. Zumunci yake son yi, ba mugunta ba. Kuma a cikin kular Baba Yohanna yake son ɗauka.

Na ce, "Jauro, ba zan ba ka ba."

Ya dube ni kamar bai ji ba. Sannan ya miƙe, ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya ce, "Na gode, Malam Bukar." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Hana kula ba ta magance komai ba, wannan na sani. Garin nan cike yake da masu sayar da ƙanƙara, bokiti ɗaya ya ishe shi. Don haka bayan azahar na sayi goro da kanwa, na ɗauki akwatin gwaji da safar hannu, na hau babur na bi shi. Na tarar da shi a gindin ɗorawa. Ya amsa sallamata a daƙile. Uwargidansa ta aiko da fura, na sha, na yi zamana kamar wanda ba shi da aikin yi. Ba a gaggawa da mutumin da ka ɓata wa rai a gidansa.

Da shanu suka fara dawowa na ga biyu-uku suna jan ƙafa a baya, wuya a miƙe. Na kuma ga Amarya. Wata farar saniya ce mai dogon ƙaho, jikar wadda mahaifiyarsa ta bar masa, duk garken babu wadda yake so kamarta, ga ta da tsohon ciki. Lafiyarta ƙalau a lokacin. Ta zo ta tsaya kusa da shi yana shafa mata wuya.

Na ce, "Ka tuna Kurmin Kogi?"

"Ɗan kawuna ne mai hannun," in ji shi. "Amma wannan huhu ne. Na gani da idona. Tun kafin a haifi wanda ya ba ka takardar aiki nake kiwo."

"Kai ka gani. Wayar ta gani?"

Sai ya fito da abin da ke cin ransa: "Shekarar murar tsuntsaye ina kallo aka zo da mota aka kwashe kajin mutane aka ƙone. In na bari ka kai magana ofis, haka za a yi wa shanuna."

Na gaya masa gaskiya. Babu wanda zai harbe masa saniya, amma ba kasuwa, ba haɗa mashaya da kowa, sai an ga abin ya lafa, kuma zai sha wuya. Ya yi tsaki ya kau da kai. Muka zauna haka, rana tana yin ƙasa, ni kuwa dabara ta ƙare min. Ina kallon hannunsa a wuyan saniyar nan sai tambaya ta zo min, ba shiri na yi ba.

"Da wace za ka fara? Da Amarya?"

Hannunsa ya tsaya. "Ita zan bar ta."

"Don me?"

"Tana da ciki."

"Na ƙaninka babu masu ciki? Na surukinka fa? In ka yarda da abin nan, kawo wuƙa, ni zan riƙe maka ƙahonta."

Ya yi wata 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta, ya tashi, ya kai ni bayan wata bukka inda ya rufe huhun a ƙwarya da ganye. Na sa safar hannu na ɗebi na gwaji, sauran muka haƙa rami mai zurfi muka binne, har da ƙwaryar.

Sakamako ya dawo, kuma huhu ne. Jauro ne da gaskiya a kan cutar, har gobe yana min gori da wannan. Na ce masa na ji, wannan karon ka dace. Aka ba mu rigakafi, na cika kular nan, muka bi rugagen uku, tasa da ta Furana da ta Gazara. Muka ware masu tari. Jauro ya rasa shanu 'yan kaɗan, ya yi watanni bai leƙa kasuwar Makarfi da ko ɗan maraƙi ba, ya rame, ya yi ta mita. Tarin bai kai garken ƙaninsa ba, bai kai na surukinsa ba. Amarya ta haihu lafiya, mace. Amma duk tsawon aikin nan Malam Bukar yake ce min.

Akwai Dakta Rahila, likitar da ke duba shiyyarmu daga Kaduna. Da na buga mata waya kan huhun, na ƙara da labarin abin da malamin waya ya faɗa, ban ambaci sunan Jauro ba. Na zaci za ta yi dariya. Sai ta ce in maimaita mata a hankali. Ashe gwamnati ta haɗa wasu mutane, likitocin mutane da na dabbobi da masanan na'ura, aikinsu sa ido a kan irin waɗannan manhajoji, kada su riƙa koya wa jama'a yadda ake adana ƙwayar cuta ko kai ta wani wuri. Bayan girbi aka kira ni Kaduna, ni da wasu tsofaffin ma'aikata irina daga wurare daban-daban, har da wata ungozoma da wani malamin gona.

Aikin da aka ba mu ban taɓa yin irinsa ba. Ɗaki mai sanyi, tebur, wayoyi a jere, kowace da manhajarta. Aka ce mu yi musu tambaya yadda mutanenmu ke yi. Su masanan sun riga sun gwada nasu, sun tambaya kai tsaye, na'urorin sun ƙi amsawa. Sun san mutanen karkara ba haka suke tambaya ba, shi ya sa suka nemo mu. Na gyara zama na zama Jauro. Na yi sallama, na gaida waya da gajiya, na ce wani abokina ne, na kawo zancen kakanni. Wasu suka ƙi, suka ce in nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi. Wasu kuwa suka saki baki kamar an buɗe famfo. Wasu samarin ma'aikata a gefe suna ta rubuta amsoshin, ungozomar nan tana dariya tana cewa Malam Bukar, ashe ka iya ƙarya haka.

A wurin cin abinci na ce wa Dakta Rahila, ni fa ina ganin abin ya yi yawa, mutanenmu ba mugaye ba ne, taimakon dangi suke nema. Ta ce, "Baba, na yarda. Amma wayar ba ta ganin fuska. Wanda yake son ya kashe garken maƙwabcinsa, ko ya yi abin da ya fi haka muni, da muryar abokinka zai yi tambaya." Ban taɓa kallon abin ta nan ba, kuma ya tsaya min a rai. Na ce to, amma ku gaya wa masu na'urar kada ta tsaya a ƙi kawai. In ta ƙi ta yi shiru, mutum zai koma bayan bukka ya yi abinsa. Ta gaya masa haɗarin a fili, ta gaya masa allura tana nan, ta tura shi wurin mutum. Ta ce wannan ma yana cikin abin da suke nema daga kamfanonin, wanda bai gyara ba kuma akwai matakin da za a ɗauka a kansa. Yadda suka ƙare da su ban sani ba, ba hurumina ba ne. An ba mu masauki mai kyau, na ci kaza, na dawo gida.

Na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye muku ba. Ya kai ni rugagen da ko a mafarki ba ku san su ba, ya sa na san kowace mashaya daga nan har Kudan. Albashin bai taɓa isa ba, gwiwata ta hagu wani bijimi ya gama da ita, amma ban taɓa tashi da safe ina ƙin fita ba.

A watan jiya, ranar kasuwa, ina zaune wurin mai shayi a bakin tasha, benci cike da mutane, mahauta da dillalan shanu duk suna nan. Sai ga Jauro ya ratso su ya tsaya a kaina, waya a hannu, fuska a murtuke.

"Kai ka lalata min waya," in ji shi.

"Ni kuma? Me ta yi?"

"Na yi mata tambaya, ta ƙi. Na ce abokina ne, ta ce tana yi wa abokin nawa fatan alheri, amma abin yana iya kashe garke har da mutum, a nemi malamin dabbobi yau ba gobe ba. Na zagaya ta nan, na zagaya ta can, magana ɗaya. Bakinta ya koma irin naka sak."

Mutane suka fashe da dariya. Na ce, "To, ka gaida abokin naka."

Bai yi dariya ba. Ya dubi dillalan nan ɗaya bayan ɗaya, mutanen da in suka ji abu da safe, kafin azahar ya kai Makarfi. A tsawon zamana da makiyaya ban taɓa jin abin da ya biyo baya daga bakin ɗayansu ba, balle a gaban jama'a.

Ya ce, "Ba abokina ba ne. 'Yar Amarya ce take tari tun shekaranjiya. Tashi ka ɗauko kularka, bawana."

Na bar shayin ko rabi ban sha ba. Tsutsa ce kawai ta dame ta, na ba ta magani, ta warke. Gobe za a koma duba ta, kuma ba ni zan je ba. Kai mai sosa ƙeya, kai za ka je. Ka yi sallama, ka zauna, ka sha furar da aka ba ka. Ga kular, riƙe ta da hannu biyu, kuma kada ka sa gorar ruwanka a ciki.